A Bar Shuɗiya Ta Huce Kafin A Gaisa

Zuwa ga Alhaji Inuwa, mai motocin sufuri, garejin Tarauni, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkoki, ni ne Haruna na Gyaɗi-Gyaɗi, direbanka tun kafin a koma tuƙin hannun dama. Na yi ta sintiri ƙofar gidanka, kullum sai a ce kana da baƙi. Shi ya sa na kawo maganar nan cikin jarida. Ai a bainar jama'a aka karɓe makullin Shuɗiya daga hannuna, a bainar jama'a kuma ake kirana mai girman kai.

Domin masu karatu, Shuɗiya ita ce tirelar nan mai shuɗin kai da Alhaji ya sayo sabuwa dal bara waccan. Ni na fito da ita daga kamfani, kujerunta na cikin leda. Ni na yi ta kai ta Ikko ina ɗauko siminti, ba ta taɓa kwana a hanya don ciwo ba. Yau tana hannun Lawandi, wanda bai daɗe da zuwa garejinmu ba, ni kuma an ba ni tsohuwar tifa ina jidar yashi.

Ranka ya daɗe, ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ba a ce na yi haɗari ba, ba a ce buhu ɗaya ya yi ƙafa ba. Laifina gaisuwa. Ka saba zama a kan tabarma gindin darbejiyar bakin gareji da la'asar, kuma duk direban da ya shigo yakan kashe mota, ya diro, ya cire takalmi, ya durƙusa. Haka muka tarar, haka nake yi da tsofaffin motoci. Amma da Shuɗiya sai in tsaya, in ja birki, in zauna a kan mota inji na silo, wato yana aiki a hankali, gwargwadon yadda mutum zai yi alwala a natse, sannan in kashe in sauko. Ranar ƙarshe kana tare da abokanka Alhazai. Na ɗaga maka hannu ta taga, ka kau da kai. Washegari aka ce in miƙa makulli, wai sabuwar mota ta sa na fi ƙarfin gaishe da ubangidana.

Na biyu. Ba a tambaye ni dalili ba, to ga shi. Injin Shuɗiya ba irin na sauran ba ne. A gefensa akwai wani abu mai kama da katantanwa, ana ce masa turbo. Hayaƙin inji ne yake juya shi, shi kuma ya tura wa inji iska, shi ya sa take hawa tudu da kaya kamar ba ta ɗauki komai ba. In ka taso daga Kaduna ba ka ɗaga ƙafa daga totur ba sai Kano, abin nan ya ɗauki zafin da ko kusa da shi hannu ba ya zuwa. Baƙin mai ne yake zagayawa yana sanyaya shi, kuma man ba ya zagayawa sai inji na aiki. In ka kashe nan take, mai ya tsaya, zafi bai tafi ba, sai ɗan man da ya rage a ciki ya ƙone ya kama, kamar kaskon da aka manta a kan wuta. Ba rana ɗaya yake kashe mota ba, a hankali yake cinta. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Bakaniken kamfani ne ya faɗa mini ranar da muka karɓo ta, kai kana ofis a lokacin. Shi ya sa ma tun daga bakin gari nake rage gudu in shigo da ita a sannu, da safe kuma ba na taka ta sai mai ya zagaya.

Wallahi Alhaji, wannan zaman da nake yi a kan mota kana kallona ya fi mini hanyar Jebba wuya. Ƙafata na so ta sauka, kunnena na kan inji.

Na uku, kuma ba zan ɓoye ba: kishi nake yi. Ina kishi da Lawandi, kishi mai hana cin tuwo. Gidana a bakin titin Zariya yake, tun kafin ta bayyana nake gane kukanta a cikin motoci. Sai in ga ya wuce da gwiwar hannu a taga, hula a karkace, yana danna oda a daidai ƙofata kamar da gayya. Ya cire ɗan carbin da na rataya a madubi ya sa furen roba. Furen roba, a motar da na riƙa gogewa da tsohon rawanina! Maiɗakina ta ce in daina zama a waje in lokacin wucewarsu ya yi. Na ce mata iska nake sha, ta ce iskar gas ce. Masu shayin unguwa ma sun samu abin yi, in na zo da tifa sai su tambaye ni labarin Ikko.

Ban ce Lawandi bai iya tuƙi ba. Ya iya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gaisuwa kuwa ya fi kowa. Mota ba ta gama tsayawa ba ya murɗe makulli, ya diro, gwiwa a ƙasa, kana sa masa albarka. Ni ina can gefe ina kakkaɓe yashi daga riga, ina jin ƙarfen motar na ƙas-ƙas don zafi, ba mai saurara sai ni.

Na huɗu. Ta fara nunawa. In ya tashe ta da safe, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi take fitarwa, wanda ba ta taɓa yi a hannuna ba. Siririn fiton da take yi in ta ɗauki wuta ya soma shaƙewa. Ka sa a duba sandar gwajin mai, za ka ga ta fara sha. Na je zan gaya wa Lawandi, ya yi dariya ya ce baƙin ciki ne. Rabin maganarsa gaskiya ce, ina baƙin ciki. Amma hayaƙin ba daga zuciyata yake fita ba.

Akwai ranakun da na ce a raina bari in yi shiru, ta tsaya masa a dajin Birnin Gwari da kaya, kowa ya san abin da aka yi. Sai in tuna wadda za ta tsaya ɗin.

Saboda haka ina roƙo. Abin da raina yake so shi ne a mayar mini da makullina, kuma in an mayar, zan ci gaba da jinkirta gaisuwa, gara in faɗa tun yanzu. In hakan ba zai yiwu ba, to a kai ta wajen bakanike ya duba turbon tun bai ci kansa ba. Sannan ka kira Lawandi, kai da bakinka, don ba zai ji daga nawa ba, ka ce masa in ya shigo gareji ya zauna a kan mota har ta huce, ko da Alhazan Kano duka ne a kan tabarmarka. Ba zai daina wannan dirowa ba sai ranar da ka daina jin daɗinta.

Na san abin da nake yi wa kaina. In ya koyi wannan, ba sauran abin da na fi shi, Shuɗiya ta zama tasa ke nan, ni da tifa sai yadda hali ya yi. Na auna, na ga gara ta riƙa wuce ƙofata da furen robarsa da in gan ta a bayan gareji a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sai dai kada a ce in taya shi murna. Ba zan iya ba.

Allah ya ƙara maka arziki da lafiya, ya tsare motocinka a hanya, ya ba ka haƙurin jiran gaisuwa.

Wassalam.

Naka,
Haruna Direba,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.