Rigar Kakanka a Kan Motar Kanibal

Al-Sih, Madina

Zuwa ga ɗana Lurwanu, a Tirinidad.

Assalamu alaikum. Yaya aikin asibiti, yaya matarka da yara? Mu lafiya lau. Gwiwa ce kawai, ita ma ba wani abu ba ne, sai dai a kujera nake salla yanzu. Ƙanwarka Asama'u ke rubuta mini, na ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Lurwanu, babbar rigar saƙin da na ba ka ranar tafiyarka ta kakanka ce, don sallar idi na ba ka. Sai ga Abdou mai shayi yana nuna mini wayarsa a gaban jama'a: bikin nan naku na kanibal, mata na rawa kusan tsirara, an ɗora wani ƙato a kan mota yana jan bayi da sarƙa, sanye da rigar. Duk unguwa an gane ta. Yanzu in na gifta sai a ce, "Ga Sarkin Bayi nan."

Na ji ka gaya wa Asama'u wai maƙwabta ka ara wa, wai tarihi suke nunawa, wai can ma an yi ta rigima a kai. To ina ruwana? Kakanka baduku ne, takalmi kaɗai ya taɓa sayarwa.

Kada ka aiko ta da wani, wallahi ba zan karɓa ba. Ka kawo ta da hannunka, in yi maka faɗa ido da ido tun ina iya miƙewa. Ka taho da yaran, su ma su ji.

Allah ya shirye ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Zainulabidin