Luguden Iya da Dodo Mai Guduma

Alhamis, 14 ga Afrilu, 1994. Unguwar Sarki, bayan isha'i.

Yatsuna har zugi suke. Ƙananan halittun gem ɗin Yaya Sani, wasan nan da ake jonawa a talabijin, sun daina ba ni wahala: masu rarrafe a dira musu a ka, masu ƙaya a tsallake. Amma dodon ƙarshe mai guduma, yau sau tara yana kashe ni. Yaya ya yi dariya, wai gem ba na mata ba ne, kuma jibi zai koma Zariya da abinsa. Haushi kamar in yi kuka.

Kakarmu Iya tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta ce, "Ke Hauwa, ba ki taɓa lugude ba? Ai ba a shiga sai taɓaryar abokiyar daka ta tashi."

Na gwada. Ya ɗaga guduma, na kutsa na buge shi. Zai sauke, na ja baya. Sau biyu ina samunsa, har ya fara tangaɗi, sai Baba ya shigo kallon labarai, dole na kashe.

Gobe ne, in Allah ya yarda. Iya ta ce kada in kuskura in kunna ba ta wurin, ita ma ba ta gama da ɗan banzan ba.