Haƙoran Ango

Likitar gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da su Yaya kuna lafiya.

Ɗalibai da yawa da nake ba shawara suna zaton idan makaranta ta tura su bin ma'aikaci a wurin aikinsa, jarrabawa ce, ko a ci ko a faɗi. Ba haka ba ne, gani da ido aka tura ku. Kin ce likitan haƙori yana ɗaga abin cire haƙori jiri ya kwashe ki, sai farkawa kika yi ana yi miki fifita. To, sai me? A ƙasa kika faɗi, ba a jarrabawa ba. Ki koma, ɗiyata. Asibiti ba ɗaki ɗaya ba ne, ki leƙa sauran.

Ki gaida mutan gida.
Gwaggonki.

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na koma. Don kunya na bi ta ƙofar baya, sai na faɗa ɗakin wata mata mai ƙera haƙoran roba. Ta ce, "Ke ce mai suman nan? Zauna, nan babu jini."

Ina zaune wani tsoho ya dawo da nasa ƙunshe a hankici. Ya ce, "Malama, waɗannan ai haƙoran ango ne. Jikokina cewa suke na haɗiyi fitila."

Ta turo min samfuran launi ta ce in zaɓo wanda ya dace da sauran haƙoransa. Na ce, "Baba, buɗe baki." Ta ce, "A'a. Sa shi dariya, a dariya mutane za su gan su." Sai na ba shi labarin sumana. Ya yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye, ni kuwa idona na kan bakinsa. Na zaɓi mai ɗan duhu. Ranar da ya saka sababbin, ya daɗe gaban madubi, sannan ya ce, "Yauwa, ga ni."

Gwaggo, aikin nan nake so, ba likitanci ba. Amma tun ina goye Babana ke kirana Likita, babu wanda bai faɗa wa ba a unguwa. Yaya zan yi in cire sunan nan daga bakinsa?

Ki huta lafiya.
'Yarki.

Yaya,

Barka da war haka, ya iyali?

'Yarka tana da magana da kai, kuma da bakinta za ta faɗa, don na ce mata kada ta ji tsoro. Roƙona ɗaya: kafin ka ba ta amsa, ka bi ta asibitin nan ka zauna kusa da ita ka ga hannunta. Shekaruna nawa ina aikin nan, na san yaron da ya gudu daga aiki, na kuma san wanda ya tarar da nasa.

Allah ya ƙara girma.
Ƙanwarka.

Malama sarkin shawara,

Mun gaishe ki.

Ta faɗa, na kuma je. Ta sa ni dariya a gaban mutane, ashe giɓina take aunawa. Na amince. Sunan dai ba zan daina ba, bakina ya saba.

Ke ma idan kin zo ki hau kujerar ki gwada. Na ga haƙorin hagun nan naki yana girgiɗi.

Sai kin zo.
Yayanki.