Yadin Makokina

Kalica ƙawata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ina fata ɗaliban Bishkek ba su ƙarasa miki baƙin gashin da ya rage ba.

Likita ya ce kansar ta kai hanta, da wuya in ga dusar ƙanƙarar hunturun bana. Yana faɗa yana kallon takalminsa, sai da na ba shi haƙuri. Tun ranar Temirkul ya hana ni ko ɗaga buta. Mijin da bai san inda tukunya take ba, yau shi ke min romo. Ina sha don kada ransa ya ɓaci.

Abu ɗaya na roƙa: ya kai ni tafkin Son-Kul, can kan duwatsu inda aka haife ni, kafin makiyaya su sauko da dawaki. Ya ce hanyar dutsen za ta kashe ni. Na ce to ta bi layi.

Taki,
Burul

Kalica,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki zauna kafin ki karanta.

Kin san yadin da muke tarawa a akwati don a yayyanka a raba wa mata ranar jana'iza. Na buɗe nawa, na ga karan-miski har da siliki, na ce a kan me za a yi wannan rabo ba ni? Na yanka, na aika gida-gida.

Maƙwabciyata Toktokan na ganin nata ba ta tambayi kowa ba. Ta tattaro matan layi, suka taho da kuka tun daga bakin titi. Ni kuwa ina tsakar gida ina shan kankana.

"Wayyo Burul, mai haƙuri, mai sanyin baki!"

Na ce, "Yaya Toktokan, maimaita na ƙarshen, ban taɓa jin sa ba."

Ta zube a ƙasa tana salati. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Ja'ira! Kuma shuɗi kika ba ni, kika ba Ajar ja?" Muka yi dariya har ɗinkin tiyatata ya motsa. Tunda an riga an taru, aka dafa shayi, aka ci makokina da burodi da kirim. Ban taɓa zuwa makoki mai daɗinsa ba.

Temirkul ne bai yi dariya ba. Yana dawowa daga kantin magani ya jiyo kukan, ya shigo a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Ya daɗe yana kallona. Da mata suka watse ya ce, "Tsohuwa, da na ji kukan nan, abin da ya fara zo min shi ne ban kai ki tafkin ba."

Yau da safe ya aro motar ƙanensa, ya cika ta da barguna kamar za mu yi hijira. Idan kin zo ba mu nan, naki yadin na wurin Toktokan. Ki auna, kore ne, kuma ta yaba shi.

Ga shi can yana danna ham. Bari in ja ƙofa.

Taki har kullum,
Burul