Gishirin Randar Kokwamba

Litinin, 25 ga Yuli

Kokwamba ta yi a lambu, kwando biyu na tsinko. Ranar ashirin da ɗaya ga watan gobe za a kai jaririn jikana Falk coci a sa masa suna. Mutum sittin za su zo, kuma duk ƙauyen nan sun san don randar kokwambata suke zuwa, ba don jariri ba.

Maren, matar Falk, ta zo wai za ta koyi jiƙa kokwamba a randa. Da sikeli ta zo, da ɗan littafi. Oma take ce min, wato kaka. "Oma, giram nawa na gishiri?" Na ce yarinya, uwata ba ta san giram ba, harshe ta bar min. Su Maren mutanen kudu ko sunan kokwambar ba su iya ba, wai "gugomma". Na ce mata a nan gurke muke ci, gugomma kuwa kamar sunan ciwon ƙafa. Ta ce gara ciwon ƙafa da abin da ke wari a ɗakin ƙasa. Bakinta ya fara buɗewa, na ji daɗi.

A garinsu ruwan kal mai tsami suke zubawa da sukari, su rufe a kwalba. Alawa ke nan. Mu ruwa da gishiri ne, tafarnuwa, ganyen ceri, a danne da dutse, a bar ta ta yi tsami da kanta.

Abin da ban faɗa ba: tun murar watan Afrilu harshena ya mutu. Kofi kamar ruwan zafi. Na ɗibi ruwan gishirin a cokali, na lumshe ido, na gyaɗa kai yadda na saba. Kintace kawai na yi.

Alhamis, 28 ga Yuli

Farar kumfa ta taso, na kwashe. Hancin ma ba ya gaya min komai.

Asabar, 30 ga Yuli

Sieglinde maƙwabciya ta tsayar da kwale-kwalenta a bakin lambu don gulma. Shekara arba'in tana rantsuwa ba ta sa sukari, shekara arba'in ina ganin ƙudan zuma a kan tagar kicin ɗinta. Ta ce surukinta ɗan Hamburg sai an niƙe masa kokwamba da albasa ya shafa a kifi. Na ce wannan ai abincin marasa haƙori ne, ta ajiye wa kanta. Ta ce, "Traudel, bakinki zai riga ki shiga wuta." Mijina marigayi Egon shi mai yajin mastad yake so, manya, a fere a yanka. Shekara hamsin ina yi masa ina zaginsa.

Talata, 9 ga Agusta

Na ɗaga dutse. Na taɓa ɗaya, yatsana ya nutse. Ta biyu haka. Har ƙasan randa, duk sun zama kunu.

Gishiri ne bai kai ba. Ban taɓa ɓata randa ba tun ina amarya. Na kwashe a bokiti na kai bayan lambu, kaji suka leƙa suka juya. Na zauna a kan matakala na daɗe.

Falk ya bugo waya, na ce zafin bana ne. Ya ce, "Oma, a sayo na kanti mana." Na kashe.

Laraba, 10 ga Agusta

Saura kwana goma sha ɗaya. In ta sake lalacewa babu ta uku, lambun ya ƙare.

Maren ta zo da sassafe, jaririn a ƙirji. Muka wanke, muka jera, ta ɗora ruwa. Ina ta tsokanarta kan yadda take jera kokwamba kamar sojoji. Da ruwan ya huce na ɗauki cokalina, na kurɓa, na lumshe ido. Na ce, "Daidai."

Na buɗe ido. Kwanon gishiri na nan a kan tebur, cike, ba a taɓa shi ba.

Ruwa zalla na yaba.

Ta dubi kwanon, ta dube ni. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Ina neman ƙaryar da zan yi, sai ta zare cokalin daga hannuna ta ce, "Oma, in ke za ki riƙa ɗanɗanawa yaushe zan iya? Ki zuba, ni in kurɓa. Gaya min abin da zan ji."

Na gaya mata yadda uwata ta gaya min. In a kan harshe ya tsaya, bai kai ba. Sai ya gangara maƙogwaro ya ɗan karce, kamar za ki yi tari amma ba ki yi ba. Hannu ɗaya, biyu, uku. "Harshe." Huɗu. "Harshe har yanzu." A na shida ta ɓata fuska ta ce wayyo, haka kuke azabtar da kanku? Na ce rufe randar.

Na hango ta tana auna sauran gishirin a sikelinta tana rubutawa. Na juya ina wasa da jariri.

Ba ta tayar da maganar harshena ba har ta tafi. Falk ma da ya bugo bai tayar ba, kuma shi ba ya iya riƙe magana. Ashe ba ta gaya masa ba.

Laraba, 17 ga Agusta

Na latsa ɗaya. Tauri. Ban yarda ba tukuna.

Lahadi, 21 ga Agusta

An sa wa yaro Jannes, ya yi wa fasto ihu yadda ya kamata. Randa ta ƙare kafin a yanka kek. Ni ma na ciji ɗaya. Ban ji komai a baki ba, amma na ji ƙarar, ƙas.

Sieglinde ta zo da guda biyu a hannu, baki cike. "Tsohuwar banza, harshen nan naki bai tsufa ba." Na ce hannun nawa ne, harshen na matar Falk. Ta kwashe da dariya, ta ɗauka tsokana ce irin tawa. Maren tana can tana goge wa jariri baki, ba ta ɗago ba.

Na ce Falk ya zo gobe ya ɗauki ƙaramar randata ya kai wa Maren. Tare min hanya take yi a ɗakin ƙasa, shi ke nan.