Kyauron da Baba Ya Zaɓa

Ƙofar Durbi, Katsina.
Ƙarshen Mayu, 1999.

Zuwa ga Yayana Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ya aiki, ya baƙunta, ya ruwan Saliyo da aka ce ba ya ɗaukewa? Maigidana Abbas na gaishe ka. Gwaggo Dije ma na gaishe ka, amma ta ce in ƙara da cewa ba ka da kirki, kuma ni ma na sa hannu a kan wannan. Soja guda, a ce biro ya fi bindiga yi maka nauyi!

Ka dai ji sojoji sun miƙa mulki. Ana ta cewa farar hula za su maido ku gida, kuma tun da Baba ya ji haka bai zauna ba. Ya sa an sauko mashi da bakanka daga saman zaure, ya shafe shi da mai, Sammani maƙwabci ya ɗaura mashi sabuwar tsirkiya, don hannun Baba rawa yake yanzu, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Sannan ya kwance damin kyauron bara, wai zai yi maka kibau kafin ka iso.

Kullum da rana in na kai mashi abinci Ƙofar Kaura sai in iske shi yana zaɓe. Ya ɗora kyauro kan yatsu, ya danna tsakiya da babban yatsa, ya juya, ya sake dannawa, ya yar. Kuma dole in saurari karatun nan da ya ishe mu da shi tun muna yara. Wai kibiya sai ta ɗan lanƙwasa ta kewaye baka sannan ta miƙe. In ta fi ƙarfin bakan da hannun mai ja, ba ta lanƙwasawa, sai ta kauce gefe. In ta yi laushi da yawa ta tafi tana kaɗa wutsiya, ko ta karye ta shige hannun mai ita. Kai ka fi kowa sani, tabon na nan a bayan hannunka.

Masu tauri ya ware maka, wai soja ne kai, har kunne kake ja. Na ce Allah ya sa ba tuwon bariki ne ya tara maka tumbi ba.

Ka rubuto don Allah. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Nafisa.

Ƙofar Durbi, Katsina.
Yuni, 1999.

Yaya Zubairu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu lafiya lau, an yi shuka. Shiru dai har yanzu, amma yau ba faɗa na zo yi ba, tsoro nake ji.

Ka tuna sakainar da kuke mannawa a katangar bayan gida kuna harbi? Baba ya manna sabuwa, ya rataye bakanka da kwarinka a turken da kake tsayawa. Shekaranjiya na kai abinci, rana ta take tsaka, unguwa tsit, ko kaji sun shige inuwa. Ina zuba mashi miya a zaure na ji ƙarar tsirkiya daga bayan gida. Ba zan kasa gane wannan ƙara ba, a cikinta na girma. Baba na gabana, hannunshi cikin kwano. Gidan kuwa ba kowa, ƙofa ɗaya ce, kuma ni ce zaune a bakinta.

Bai ko razana ba. Ya wanke hannu, ya dogara sanda, na bi shi bayan gida. Bakan na rataye inda yake, tsirkiyar na ɗan motsi. Kibiya kuwa ga ta a katanga, ta kauce wa sakaina da kamar kamu guda. Ya daɗe yana dubanta, sai ya ce ta yi maka tauri, hannunka ya rage, ba ka kai ja har kunne ba. Ya kwashe masu taurin nan duka ya ajiye, ya koma zaɓen masu laushi.

Na faɗa wa Abbas, ya ce yaran unguwa ne ke haurowa. Wane yaro ne zai ja bakanka? Sammani da ƙyar ya tanƙwara shi, yana nishi. Gwaggo Dije ta ce tsufa ne, a yi wa Baba rubutu ya sha. To ni da na ji da kunnena, nawa tsufan ne?

Yaya, ba ka da lafiya ne? Ko layi ɗaya ne ka sa wani ya rubuto. Na daina zuwa da rana tsaka, sai in ga kamar na guje ka, na koma.

Allah ya tsare ka.

Taka,
Nafisa.

Ƙofar Durbi, Katsina.
Yuli, 1999.

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ka ga na tambaye ka jiki ba tare da kowa ya ce mani ka kwanta ba. Alhamdu lillahi, yau da farin ciki na ɗauki biro.

Makonnin nan na sha wuya, ba zan ɓoye maka ba. Kusan kullum sai tsirkiyar nan ta yi ƙara, kuma kullum ƙarar raguwa take. Baba ya yi ta sauka zuwa mafi laushi. Ya bar kyauron da tsawo don ya ƙara laushi, ya sa kai mai nauyi, duk da haka kaucewa take. Har ya kai ga sirara irin waɗanda yake yi wa masu koyo. Rannan kibiyar ko katanga ba ta kai ba, a ƙasa muka tsince ta kusa da turke. Baba ya ɗauka ya share mata ƙasa da bakin riga, ya ƙi cin abinci. Ni kuwa na shiga ɗakin marigayiya Inna na yi kuka har na gode Allah.

Sai ranar Juma'ar nan da ta wuce. Ana shirin tafiya masallaci, muka ji ƙara kamar an fasa gora, har tantabarun Sammani suka tashi. Muka iske siririyar kibiyar ta tarwatse, guntayenta warwatse a tsakar gida. Baba ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoranshi na manta. Ya ce ka warke, ƙarfinka ya dawo, ya ma fi na da. Ya ɗauko masu taurin farko, ya danna, ya ce su ma sun yi maka laushi. Ya zaƙulo wani kyauro mai kauri daga ƙasan dami, ya datse shi, ya yi kibiya ya sa a kwari. Washegari ga ta tsakiyar sakaina, ta nutse cikin katanga, Abbas ya ja ya ja ta ƙi fita. Tun daga nan bai ƙara zancen yaran unguwa ba.

Na yi sadakar waina. Sai ka zo, kuma ka shirya, don sai na rama shirun nan da ka yi mani.

Mai ɗokin ganinka,
Nafisa.

Ƙofar Kaura, Katsina.
Agusta, 1999.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ke inda kake ba. Allah ya sa kana cikin rahama.

Abokin aikinka Audu ya zo da akwatinka. Ya ce rauni ka samu a kafaɗa, zazzaɓi ya biyo baya, ka yi ta ramewa har cokali ya gagare ka. Ya ce ranar Juma'a ka cika, gab da tafiya masallaci. Ban tambaye shi wace Juma'a ba. Ni da na raba waina ina dariya, ashe sadakarka nake yi.

An yi zaman makoki an watse. Malamin da ya yi addu'a ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, na kuwa yarda, haka aka koya mana. Amma na dawo gidan nan da zama, kuma jiya da rana tsirkiya ta yi ƙara.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Baba ya sa an sauko da nashi bakan, wanga baƙi da ya daina iya ja tun kafin ka shiga soja. Ya rataye shi a turke kusa da naka. Da na ga ya kwance dami na ɗauka sirara zai nema, daidai hannun tsoho, har na fara tura mashi su gabanshi. Ya ture. Yau tun safe yake zaune yana dannawa yana yarwa, hannun na rawa, masu kaurin nan yake warewa, irin naka na ƙarshe. Na ce mashi waɗannan sun fi ƙarfinshi. Ya ce yanzu kam sun fi.

Ba wanda zai kai maka wannan takarda, don haka cikin kwarinka zan sa ta kafin rana ta take. Ban taɓa roƙonka abin kirki ba, kullum tsiya nake maka. Yau ina roƙonka. Inna ta tafi, kai ka tafi. Ka yi harbinka kai kaɗai, Yaya, ka bar mani Baba.

Ƙanwarka,
Nafisa.