Mai Kwando a Kan Gada

Ya Balint, hasken idona, sanyin safiyar tafkin Balaton, ruwan farko a kan gonar inabin zuciyata!

Littafinka ya iso ranar Talata, wanda ka shekara kana zaga gidajen gona na masu hali kana zanawa dominsa. Uwar ɗakina ta ba ni aro, na buɗe nan take. Ga gidanmu, ga hasumiyarsa, ga gadar da ka tsayar da ni a kanta rabin yini kana zane, kana roƙona in daina dariya. Ga kuma wata 'yar mace kamar ƙwayar wake a kan gadar, riƙe da kwando. Sai da na yi ihu don murna!

Na juya shafi, ga ta a wani gida. Na sake juyawa, ga ta kuma! Gidaje goma sha biyu, Balint, kowanne da mai kwandonsa. Ni ce ka yi ta yawo da ni a ranka, ko kowane gida akwai wadda ka tsayar? Borbala mai girki ta leƙo ta ce, "Ayya yarinya, ashe ku dozin ne!" Har yau ban ƙara taɓa miyarta ba.

Abin da ya fi cin raina, kwandon yana hannun dama. Ni kuwa bahaguwa ce, wace irin tsiya ce ba ka yi mini ba a kan haka? Fada Ambrus, limamin cocinmu, ya ce in kwantar da hankalina, wai zane in an buga shi daga farantin tagulla juyewa yake, hagu ya koma dama. Na ruga na ɗauko madubi. Kwando ya dawo hagu, ni ce sak! Amma hasumiya ta tsallaka inda ba ta taɓa tsayawa ba. A madubi macen ni ce, gidan ba namu ba. Na ajiye madubi, gidan namu ne, macen ban san ta ba. To wanne zan gaskata, sanyin idona? Kaina ya kulle.

Bayan tsinkar inabi uwar ɗakina za ta koma Budapest gaba ɗaya. Ta ce in bi ta, ko in nemi wani aikin. Na ce mata ba ni zuwa, ina tsoron ka dawo ka tarar da gada babu kowa.

Don Allah ka rubuto mini kalma ɗaya tak: hagu ko dama?

Taka har ƙarshen numfashina, ko ni kaɗai ce, ko ɗaya cikin dozin,
Etelka